Kuɗin Fito da Haƙƙin Mai Ƙetarawa: Gadoji da Mashigan Ruwa a Ƙasar Gwandu da Kalgo

Tsakure

Wannan takarda ta bi diddigin kuɗin da ake biya don ƙetare ruwa a ƙasar Gwandu da Kalgo ta Jihar Kebbi, daga ƙarni na 19 zuwa yau da gwamnatin tarayya ta maido da karɓar kuɗi a wasu hanyoyinta. An dogara da abin da matafiya da masana tarihi suka rubuta, da hukuncin fiƙihun Malikiyya kan hayar jirgi, da kuma dokokin Najeriya. Matsayar takardar ita ce, kuɗin fito yana da hujja ne kawai idan mai karɓarsa shi ne mai ɗaukar nauyin isar da mutum tsallake lafiya. A bisa wannan ma'auni, gadar kuɗi a yankin ba za ta biya kanta ba, kuma waɗanda suka fi cancantar kulawar hukuma su ne masu shiga kwalekwale, waɗanda ba su taɓa daina biya ba.

1. Gabatarwa



A watan Agustan 2021 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da manufar karɓar kuɗi a hanyoyi da gadojin tarayya, kuma a Fabrairun 2025 aka fara karɓa a hanyar Abuja zuwa Keffi, Akwanga, Lafiya da Makurɗi. A Oktoban 2024 kuma aka ƙaddamar da aikin babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry, mai tsawon kilomita 1,068, wadda kilomita 258 daga cikinta za su ratsa Jihar Kebbi. Saboda haka maganar tolget ta daina zama ta mutanen Legas kaɗai. Ko ba jima ko ba daɗe za a tambayi mutanen Kebbi ko sun yarda su biya kafin su hau gada.

Babu gadar kuɗi a Gwandu ko a Kalgo. Amma an daɗe ana biyan kuɗi a bakin ruwan wannan ƙasa, kuma tarihin biyan yana da abin da zai faɗa wa masu tsara manufa.

2. Yanayin ƙasa

Garin Gwandu yana zaune ne cikin kwari, tuddai sun kewaye shi, ba a bakin wani babban kogi ba. Kalgo kuwa mararraba ce a kudu da Birnin Kebbi: hanya ɗaya ta nufi Jega, ɗaya ta nufi Bunza da Kamba har iyakar Nijar. Ruwa biyu ne suka yi wa yankin ƙawanya. Ta yamma akwai gulbin Rima, wanda mutanen ƙasar ke kira gulbin Kabi, ya biyo ta Argungu da Birnin Kebbi ya yi kudu. Ta kudu kuma akwai gulbin Zamfara da ya biyo ta Jega. Su biyun suna haɗuwa kafin ruwansu ya faɗa kogin Kwara.

Abin da ya kamata injiniya da mai lissafin kuɗi su fara ganewa shi ne, matsalar ƙetare Rima a wannan yanki ba faɗin gulbin ba ce, faɗin fadamar ce. Da rani gulbin kan rarrabu ya zama 'yan ƙoramu da tafkuna, wasu wuraren ma a taka da ƙafa. Idan malka ta sauka a watan Agusta, ruwa ya taho daga sama, sai fadama mai faɗin kilomitoci ta zama shimfiɗar ruwa ɗaya. Don haka abin da muke kira gada a nan yawanci dogon ciko ne na ƙasa da kwalta a kansa, da kwalbatoci a jere, sai gajeriyar gadar kankare a inda ruwa ya fi zurfi. Cikon da kwalbatocin su ne ke fara karyewa, ba gadar ba. Madatsun Bakolori da Goronyo sun ƙara dagula lissafin, domin lokacin zuwan ruwa da yawansa yanzu sun rataya ne a kan ranar da aka buɗe ƙofofin dam, ba a kan ruwan sama kaɗai ba.

3. Gwandu da mashigai a ƙarni na 19

Da aka raba tafiyar da Daular Usmaniyya gida biyu, ɓangaren yamma ya faɗa hannun Malam Abdullahi ɗan Fodiyo da zuriyarsa a Gwandu. Duk wanda ya dubi taswirar wannan ɓangare zai ga kusan kowace masarauta da ke ƙarƙashinsa tana bayan wani ruwa ne: Nupe da Yawuri a bakin Kwara, Ilori a tsallakenta, Sayi da Liptako can yamma. Gaisuwar shekara, wasiƙar sarki, gishirin Foga, goron Gwanja, babu wanda zai iso Gwandu bai ratsa mashigi ba. Ina ganin ba a cika ba wannan al'amari muhimmancinsa ba a rubuce-rubucenmu, domin mun fi karkata ga tarihin yaƙi da na littattafai.

Kuma ruwan yana da masu shi tun kafin jihadi. Kabawa mutanen fadama ne, Sarkawa kuma su ne gwanayen su da tuƙi, suna da Sarkin Ruwa da ke yanka hukunci kan lokacin shiga da wurin shiga. Har a labaran Kanta, sarkin Kabi na dā, ana ruwaito cewa yana da babban jirgin da yake zagaya ƙasarsa da shi idan ruwa ya cika. Masu jihadi sun ci Birnin Kebbi a 1805, amma ba su ci fadamar ba. Da Yakubu Nabame ya ɗaga tutar tawaye a 1849 ya kafu a Argungu, Arawa da Zabarmawa da Dandawa suka mara masa, abin da Gwandu ta fara rasawa shi ne amincin hanyarta ta yamma.

A cikin wannan hali Bajamushen nan Heinrich Barth ya iso Gwandu a watan Mayun 1853, zamanin Sarkin Gwandu Halilu. A nan ya sami kwafin Tarihin Sudan da ya yi ta kwafa, abin da aka fi tunawa da shi ke nan. Amma ga mai nazarin sufuri, hanyar da ya bi bayan ya fita ta fi amfani. Ya bi ta Birnin Kebbi ya sauka Diggi, wadda ke cikin ƙaramar hukumar Kalgo a yau, daga nan ya ratsa fadama zuwa Zogirma, ya wuce kwarin Foga, ya isa Sayi a watan Yuni. A Sayi ne ya bayyana jiragen da aka fitar da shi da su: kututture biyu aka fafe aka ɗinke su a tsakiya, mafi girmansu yana ɗaukar raƙuma uku. Diggi da Zogirma, a lokacin, garuruwa ne masu tsaron bakin mashigi, ɗaya a gabas ɗaya a yamma. Bayan an kashe Sarkin Gwandu Haliru a yaƙi da Kabawa a 1860, sarakunan Gwandu suka riƙa zama a Ambursa, kusa da bakin fadama, suna fuskantar Argungu. Sulhun da aka fi sani da Lafiyar Toga ya ba fatake sararin 'yan shekaru kawai.

Fataken goro da ke tashi daga Kano da Sakkwato su biyo ta kasuwar Jega, su ƙetare Kwara su shiga Bargu har Salaga, sun san kuɗin fito kamar yadda suka san farashin jaki. Madugu shi ke ciniki da sarkin gari a madadin ayari, sannan a raba wa kowa gwargwadon kayansa. Paul Lovejoy ya yi bayanin tsarin a littafinsa na 1980 kan fataucin goro. A ƙarƙashin suna ɗaya abubuwa biyu ne ake biya. Akwai ladan mai jirgi da ya ɗauke ka ya kai ka. Akwai kuma abin da mai gari ke karɓa don ya bar ka ka wuce, wani lokaci ya haɗa ka da 'yan rakiya, wani lokaci kuwa tsaron da yake sayar maka daga mutanensa ne.

Turawa ma ta bakin ruwa suka fara neman Gwandu. A Yunin 1885 Joseph Thomson ya zo a madadin kamfanin Ingila da daga baya ya zama Royal Niger Company, ya koma da takardar da kamfanin ya ce Sarkin Gwandu Maliki ya ba shi iko da gaɓar Kwara a kan kuɗin shekara-shekara. Masana sun daɗe suna jayayya kan abin da sarkin ya fahimta da takardar, amma babu jayayya kan abin da kamfanin ke nema.

4. Abin da malamai suka ce

Shugabannin jihadi ba su ɗauki karɓar kuɗi daga talaka da wasa ba. A Kitabul Farƙ Shehu Usmanu ya lissafa jangali da kuɗin gari da kuɗin salla da abin da ake tatsa a kasuwa cikin ayyukan sarakunan da ya yi wa inkari. Malaman fiƙihu suna kiran irin wannan karɓa maksu, wato abin da ake ƙwata daga mai wucewa ba tare da an yi masa komai ba, kuma sun haramta shi.

Ladan mai jirgi kuwa haya ce, halas ce, amma da sharaɗi. Duk almajirin da ya sauke Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure ya ratsa wannan mas'ala a babin ciniki: mai jirgi ba shi da kuɗin haya sai ya isar da abin da ya ɗauka inda aka yi alkawari. Idan jirgi ya nutse a tsakiya, bai ci ko anini ba. Littafin ya kuma ɗauke masa biyan diyyar abin da ruwa ya ci, domin shi amintacce ne, sai dai ƙa'idar mazhaba ita ce amintacce yana biya idan ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Loda wa jirgi abin da ya fi ƙarfinsa kuwa ƙetare iyaka ne da ba ya buƙatar dogon bincike.

Wannan hukunci shi ne ma'aunin da nake so mu auna gadar kuɗi da shi. Hausawa sun taƙaita shi da cewa kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Idan hukuma ko kamfani ya kafa shinge a kan gada, to shin haya yake karɓa ko maksu? Amsar tana wurin abin da zai faru ranar da ruwa ya yanke hanyar: zai daina karɓa, zai gyara da kuɗinsa, zai biya mai albasar da ta ruɓe a cikin mota tana jira?

5. Daga Lugga zuwa Obasanjo

Gwamna Lugga ya gaji kuɗin fito ya mai da shi harajin gwamnati. Ayari kan biya kashi 5 cikin ɗari na darajar kayansa a kowane lardi da ya ratsa, har zuwa kashi 15, aka kuma sa wa jirage lasin. Hujjar ita ce Turawa sun kawo zaman lafiya a hanya. Fatake suka riƙa kauce wa tashoshin, 'yan kasuwar Ingila suka yi ta ƙorafi cewa harajin na kashe ciniki, a 1907 aka soke kuɗin ayarin. Daga nan gadoji suka fara cinye sana'ar masu fito a manyan hanyoyi: ta Jebba a 1916, ta tsakanin Gaya da Malanville a 1958.

Tolget na gwamnatin tarayya ma haka suka ƙare. A ƙarshen 2003 Shugaba Obasanjo ya ba da umarnin rushe su, bisa hujjar cewa kuɗin na zurarewa kuma hanyoyin ba sa gyaruwa. Harajin naira 1.50 a kan kowace litar man fetur da aka so a maye gurbinsu da shi ya gamu da turjiyar ƙungiyar ƙwadago. Gadar Lekki zuwa Ikoyi da aka buɗe a 2013, wadda ke tsakiyar unguwannin masu hali, ita ma an dakatar da karɓar kuɗinta bayan zanga-zangar Oktoban 2020. Sau uku ke nan cikin ƙarni ɗaya da 'yan kai, kuma kowane karo abin da ya kashe shingen shi ne mai biya ya daina ganin alaƙar kuɗinsa da hanyar da yake takawa.

6. Lissafin gadar kuɗi a Kalgo

Manufar 2021 ta taƙaita karɓa ga tagwayen hanyoyi, kilomita 5,005 daga cikin kimanin 35,000 na hanyoyin tarayya. Ta yanka naira 200 ga ƙaramar mota, 300 ga jif, 150 ga bas ɗin haya, 500 ga manyan motoci, ta kuma yafe wa keke da babur da Keke Napep. Duk wanda ya taɓa tsayawa a mararrabar Kalgo ranar kasuwa ya san abin da ya fi yawa a kan kwalta: babura ne da a-kori-kura da amalanken shanu.

Mu yi misali, ba ƙidaya ba. A ce motoci 2,000 masu biya suna hawa wata gada a hanyar Kalgo zuwa Bunza kullum, kowace ta biya naira 300. An tara naira 600,000 a rana, wato miliyan 219 a shekara, kafin a cire albashin masu karɓa da abin da zai zurare. A ce kuma an ranto naira biliyan 10 don a sake ciko da kwalbatoci da gadar, da ruwan kashi 20 cikin ɗari, wanda ma ya gaza abin da bankuna ke nema a 'yan shekarun nan. Ruwan bashin kaɗai biliyan 2 ne a shekara. Ko an ninka kuɗin shiga sau biyar ba a kai ba. Kamfanin da zai karɓi irin wannan aiki sai dai gwamnati ta yi masa alkawarin cike giɓi, kuma idan baitulmali ne zai biya mafi yawa, to me ya rage wa shingen in ban da tsayar da manomi?

Inda lissafin zai iya tashi shi ne kan manyan motocin da ke ɗaukar kaya zuwa iyaka da kuma kudu, domin su ne ke farfasa kwalta, kuma su ne za su fi cin moriyar sabuwar hanyar Badagry. Amma ko su ɗin ba abin dogaro ba ne ɗari bisa ɗari. An rufe iyakoki a Agustan 2019, an sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris ɗin 2024. Gadar da abincinta ke zuwa daga Kamba tana iya wayar gari ba ta da mai biya saboda shawarar da aka yanke a Abuja ko Yamai.

Sannan kada mu yi kamar hanyar kyauta ce a yanzu. Dokar haraji ta 1998 ta hana kowa kafa shinge a kan hanya don karɓar haraji, amma direban da ya ɗauko albasa daga Gwandu ko Aliero zuwa kudu zai iya lissafa maka sanduna nawa aka gitta masa. Sabon tolget da bai kawar da waɗannan ba ƙari ne a kansu.

7. Waɗanda ba su daina biya ba

A daminar 2020 ambaliya ta shafe gonakin shinkafar Kebbi, ƙiyasin da aka bayar a lokacin ya kai hekta 450,000, shekara biyar kacal bayan an ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Banki a Birnin Kebbi. Ruwan ya yanke hanyoyi ya karya gadoji. Shekara goma kafin nan, a Satumbar 2010, ruwan Rima ya ɗauke gadar da ke kai wa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, malamai da ɗalibai suka koma kwalekwale har sojoji suka kafa gadar wucin gadi. Duk ranar da hanya ta yanke, kafin la'asar masu jirage sun jeru a wurin, farashi kuma sai abin da suka faɗa.

Wannan na ɗan lokaci ne. Akwai waɗanda nasu na kowace damina ne: manomin da gidansa ke kan tudu gonarsa na cikin fadama, macen da za ta je awo asibitin Kalgo daga ƙauyen tsallake, yaran da ake aika itace. Su ne matalautan yankin, kuma su kaɗai ne ke biyan kuɗi a kowace ƙetarawa, alhali mai jif yana hawa gada kyauta. Abin da suke samu a madadin kuɗinsu kuma mun gan shi. Ranar 26 ga Mayun 2021 jirgin da ya taso daga Jihar Neja zuwa Wara a ƙaramar hukumar Ngaski ya tarwatse da mutum sama da 150, waɗanda aka ceto ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. A Afrilun 2022 mutum 29, yawancinsu yara, suka rasu a ruwan Shagari ta Jihar Sakkwato. A Janairun 2023 jirgin manoman shinkafa ya kife a ƙaramar hukumar Koko-Besse. Dalilan ba sa canzawa: tsohon katako, lodi fiye da kima, babu rigar ruwa, wani lokaci tafiyar dare. Kuma an karɓi kuɗin kowa tun a gaɓa, saɓanin abin da Risala ta tanada.

8. Wa ke da bakin ruwa?

Hukumar NIWA da aka kafa a 1997, mai hedkwata a Lokoja, ita ce doka ta ba hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, kuma a Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta tabbatar mata da wannan iko a shari'arta da Jihar Legas. Ƙa'idojinta sun hana tafiyar dare sun wajabta rigar ruwa. Sai dai ma'aikacin da ke zaune a Yawuri ba zai san jirgin da ya tashi daga wani mashigi a bayan Diggi ba, kuma ba laifinsa ba ne.

Wanda zai sani yana nan kusa. Jadawali na huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya sa lasin kwalekwale cikin ayyukan ƙaramar hukuma, a jere da na keke da amalanke da baro. Tun Yulin 2024 kuma Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Ke nan Kalgo da Bunza da Birnin Kebbi suna da ikon da ba sa amfani da shi sai ta fuskar yankan rasit. Shawarata ita ce a juya lasin: a ba da shi kyauta ko da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, amma kada a ba jirgi sai an duba katakonsa kafin faɗuwar damina, an shafa masa layin fenti a ciki da waje wanda idan ruwa ya taɓa shi an daina lodi, an rubuta adadin mutanen da zai ɗauka da lambobi da ajami. Mai duba kuwa Sarkin Ruwa ne da dattawan Sarkawa, waɗanda suka san jirgi mai yoyo tun daga ƙarar da yake yi, a sa musu alawus a kasafin ƙaramar hukuma, masarautar Gwandu ta tsaya musu. Rigunan ruwa a ajiye su a mashigi a hannun mai unguwa, ba a raba wa mutane su kai gida ba, domin mashigi ne ke buƙatarsu kullum. Farashin fito a ranakun da hanya ta yanke kuma a yanka shi tun watan Yuni, a gaban hakimi da masu jirage, a kafe shi a allo a bakin ruwa.

Game da hanyar Badagry, idan har za a sa mata shinge a ƙasar Kebbi, Majalisar Dokokin Jihar tana da damar neman a rubuta abu biyu cikin yarjejeniyar tun kafin a zuba kankaren rumfar karɓa: motocin ƙananan hukumomin da hanyar ta ratsa su sami rangwame, kuma karɓa ta tsaya daga ranar da ruwa ya yanke kowane sashe nata har ranar da aka buɗe shi.